Keken da ba ya gaisuwa

Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma abin ya fara, ana fitowa daga la'asar. Ina ƙofar gidanmu a Agege ina bitar darasi, sai ga Yayana a kan sabon kekensa na tsere.

A kayan gwanjon Kwatano ya samo shi, shekarar da wayar hannu ta shigo Ikko. Ba shi da wayar canza giya, sai maɓalli da batir. Ka danna, sarƙa ta sauya giya da kanta.

A bakin layinmu akwai majalisar dattawan 'yan goro, kuma babu saurayin da ke wuce ta a kan keke. Sauka ake yi a gaisa. A cikinsu akwai mahaifin yarinyar da Yaya ke nema, wanda har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Yaya ya rage gudu zai sauka, sai keken ya yi ƙas, ya sauya giya babu wanda ya sa shi. Ƙafafunsa kuwa a ɗaure suke da madaurin feda. Ya shiga juya su kamar mai kaɗa miya, ya wuce dattawa, sallamarsa na biye da shi a baya.

Washegari ma haka. Rana ta uku ya samu tsayawa, amma a cikin huhun goro.

“Oga, yau ma jirgi ne?” in ji wani ɗan acaba.

Na yi ta lura daga bayan littafina. Batirin ne ya tsufa, da ya sha rana sai ya rikice. Na faɗa wa Yaya a hankali.

“Ke dai yi karatunki. Wannan keken Turawa ne.”

Sai da budurwar ta aiko cewa babanta ya ce yaron nan ba ya ganin mutane. A ranar Yaya ya koma wurin mai gwanjo, ya musanya keken da mai giyar waya, irin wadda kake ja da yatsa ka ji ta amsa. Ya cire madaurin feda. Tun daga nesa yake sauka yanzu, ya durƙusa har ƙasa. Baban yarinyar yakan amsa a taƙaice, ya ci gaba da tsince goronsa.

Yaya ya daina cin abinci sosai. Da Inna ta aike ni da waina gidan su budurwar, na tarar da babanta a zaure.

“Baba, wai Yaya... ka haƙura?”

Ya dube ni, ya gutsiri goro.

“'Yata, ce masa ya turo manyansa. Amma ya dawo da wancan keken. Tun da ya canza, majalisa ta mutu.”