Kalmar Da Na Fassara Ba Daidai Ba

Haƙƙin da ke kan sakataren ƙungiya shi ne ya rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ko da rubutun zai kunyata shi. Na riƙe wannan muƙami a wata ƙungiyar fataken dabbobi da ke unguwar Farcha a farkon shekarun dubu biyu, ina taƙama da karatun da na yi, ina ganin babu mamba ɗaya da ya kai ni jin Faransanci.

A lokacin ƙungiya ta yanke shawarar sayen a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda muke kira kat-kat, domin kai allurar rigakafin shanu rugagen arewa. Likitan dabbobin da ya ba mu shawara ya rubuta sharaɗi guda, cewa motar ta kasance "tropicalisée". Ni na shaida wa kwamiti cewa ma'anarsa mota mai na'urar sanyi. Da na zaga wuraren dillalai, sai na tarar motar da kowa ke nuna mini ba ta da komai na ƙawa, kujera mai tauri, gilashin da ake murɗawa da hannu, ko rediyo babu, amma kuɗinta ya kusa ninka na wata kyakkyawa mai na'urar sanyi da aka shigo da ita daga Turai ta tashar jirgin ruwan Duwala. Na ɗauki wannan tsagwaron zalunci, na kuma faɗa wa dillalin haka ido da ido.

Direbanmu dattijo ne daga unguwar Mardjandafak, jikan mahajjatan da suka yada zango a nan, bai taɓa zama a aji ba. Ya ja ni gefe ya ce tsadar waccan tana cikin abin da ba na gani: tankin mai biyu, sifirin mai ɗaukar kaya a kan rami, lagireto babba mai sanyaya inji, matatar iska mai jure ƙura, da injin da ke shan man kwalba na bakin hanya ba ya tari. Ya ce kowane makanike a ƙauye yana iya kwance ta ya ɗaura. Ya ƙara da cewa sojoji, da ƙungiyoyin agaji, da masu aikin bututun mai a kudu, duk ita suke rububi, ga kuɗin kwastan da nisan teku, shi ya sa ko tsohuwarta ba ta faɗuwa. Na amsa masa cewa sharaɗi a rubuce yake, kuma ni ne mai karanta shi. Ya dube ni ya ce, "Malam Sakatare, sanyin nan da kake so, a Farcha zai tsaya." Muka sayi kyakkyawar.

A tafiya ta uku, bayan an wuce garin Massakory, motar ta mutu da tsakar rana. Injinta irin mai kwamfuta ne, man da aka zuba ya toshe shi, kuma babu wanda ya iya taɓa shi a wajen. Kwana uku tana cikin yashi, ƙanƙarar da ke akwatin allura ta narke, allurar ta lalace gaba ɗaya. Makiyayan da suka tara garkensu suna jira suka watse, aka yi asarar shanu a wannan shekara. Da kwamiti ya zauna, direban ya ce babu wani mai a hanyar sai na kwalba, kowa ya sani. Ni kuwa na rubuta cewa sakacinsa ne ya jawo, ban ambaci gargaɗin da ya yi mini ba, na sa hannu. Aka kore shi. A garin da ake ɗaukar direba da shaidar baki, babu wanda ya sake miƙa masa makulli.

Bayan wata biyu likitan ya bayyana mini cewa kalmar tana nufin motar da aka ƙera domin zafi da ƙura da mugun mai, wato daidai abin da dattijon ya lissafa. Na gane, ban gyara rahoton ba, na ci gaba da gaisawa da dattijon a masallaci yana amsawa da fara'a.

Ina gargaɗin masu ilimin boko irina cewa sanin harafin kalma daban, sanin aikinta daban, kuma arhar motar daji wani ne ke biyan cikonta, galibi wanda ba shi da bakin magana a taro. Saboda haka nake roƙon shugabannin ƙungiya na yanzu, ta wannan mujalla, su kafa kwamiti ya sake binciken al'amarin, a soke rahoton da na rubuta, a kira dattijon a wanke shi a gaban mambobi tun yana raye. A shirye nake in bayyana ranar da aka sa, in maimaita wannan da bakina.