Jinin da Erdoo Ta Kai Lafiya

Ranar Talata, 9 ga Maris 2004, Erdoo Torkula ta fara shiga ɗakin gwajin jini na Oga Raymond a Lafiya, da kwalba naɗe a bakin zani. Mai sayar da doya ce daga Assakio. Sunan mijinta, Torkula, ke jikin kwalbar, amma jinin nata ne.

Wata shida ke nan fitsari na wahalar da Torkula. Likita ya rubuta masa gwajin PSA, na cutar ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Shi kuwa dattijon coci ne, ya rantse ba zai miƙa hannu a gane ciwonsa ba.

"Maman Doose, shekara talatin muna cin tuwo ɗaya," in ji shi. "Jinina da naki ai ɗaya ne."

Ta yarda da hakan har zuciyarta. Wani mai kemis ya ɗebi nata bai tambayi komai ba.

Sakamako ya fito da ɗan adadi ƙanƙani. Likita ya duba, ya ce a gaida Baba, sanyi ne kawai. Erdoo ta koma gida da murna, har ta yanka kaza.

A Mayun 2005 fitsarin ya tsaya cak. Aka kwaso Torkula a mota zuwa Lafiya, aka ɗebi jininsa na gaske. Oga Raymond ya ajiye takardu biyu a gabanta.

"Mama, wannan da wannan ba na mutum ɗaya ba ne."

Ta kafa ido a kan siminti. Da ƙyar ta faɗa masa cewa jinin farko nata ne.

"To me ya sa injinku bai ce na mace ba ne?"

"Inji ba ya ganin zani, Mama. Mata ma kan samu abin kaɗan a jiki, har a nono. Ni ma da na ga adadin ban yi zargi ba."

Bai ɗaga murya ba. Ta so a ce ya zage ta.

Torkula ya rasu a Jos a Janairun 2006, cutar ta riga ta kai ƙashi. Erdoo ba ta faɗa wa 'ya'yanta maganar jinin ba sai bayan shekara biyu. Ta bar Assakio a 2009, ta koma wurin 'yarta Doose a Lafiya, tana soya ƙosai a bakin tasha.