Ya Juyo Min da Allon

Ina bakin aiki matar aminina ta kira ni: "Yaya, abokinka ya cika." Yau kwana tara, ga ni a shagon gyara da kwamfutarsa ta tebur, ina neman saƙon murya da ya ɗaukar wa 'yarsa yana jinya, ya ɓoye a ciki.

Mai gyaran siriri ne mai furfura, ƙafarsa ba ta daina kaɗawa. Yana buɗe folda yana rufewa, yana tsaki, yana tauna murfin biro. "Mutumin naka ya fi ɓera iya ɓoyo," in ji shi. Da ya danna wani wuri, sai ɓoyayyun foldoji suka fito dishi-dishi. Nan take ya juyo min da allon, ya mayar da fuskarsa titi, ƙafar ta tsaya cak. Ina jin shi ma ya taɓa neman muryar wani nasa.

Ga saƙon nan, da kwanan watan zuwana dubiya na ƙarshe. Ranar na ce wa aminin nawa, "Faɗa min inda ka sa shi mana." Ya yi dariya ya ce, "Gaggawar me kake? Bari in warke, mu buɗe tare."