Horon da Kaltumi Ta Yi wa Zacharie

Hajja Kaltumi ta gaji kujerar mahaifinta a tashar manyan motoci ta Garuwa, da rediyon oba-oba da ke kan teburinsa. Mace ce mai kaifin baki. Direbobi na cewa gara tayar gaba ta fashe da ta kira sunanka sau biyu.

A shekarun da zargina, 'yan fashin daji, suka addabi hanyar Kuseri, layin rediyo ɗaya tal duk motocin ke amfani da shi. In mutum biyu suka yi magana tare, babu wanda za a ji. Kowa ya san haka, amma kowa na ganin in ya yi shiru wani zai cinye layin da farashin albasa. Sai Kaltumi ta kafa doka: ka yi sallama, a amsa, ka faɗi naka a taƙaice, ka bar fili. Wanda ya zarce, washegari ba mai amsa masa. Dokar ta yi aiki, don ba wanda ke son shiga dajin Waza ba a jinsa.

Zacharie, wani direba mai surutu kamar kanari, ya zarce ranar wata Talata. Ran Laraba da hantsi muryarsa ta shigo, yana sallama. Ta share shi. Ya sake, ta ce a ranta gobe ma rana ce. In ta sassauta wa ɗaya, sauran za su hau kanta. Ana cikin haka ƙanenta Ɗanmalam, shi ma direba, ya kira daga Mora, yana tambayar lafiyar hanya. Ta ce ba ta ji komai ba, ya wuce.

Shi kuwa Zacharie, tsoronta ya sa yake ta jiran a amsa. Sai can ya karya dokar.

“Hajja, ki hore ni gobe. Sun tare hanya kafin Waza. Kada kowa ya bar Mora.”

Ta danna maɓalli tana kiran Ɗanmalam, ta saki, ta saurara. Duk direbobin suka yi tsit, suka bar mata fili kamar yadda ta koya musu. Ba ta taɓa jin layin a sarari haka ba, kuma babu komai a cikinsa sai shuuu.

Ta sake danna maɓallin, ta kira shi da sunan da innarsu ke kiransa.