Kar-a-Goge

Matata gyaran kwamfuta take yi, a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, jikin shagona na ɗinki. Duk layin Kar-a-goge suke kiranta. Sauran masu gyara, da kwamfuta ta yi tari sai su goge komai su zuba sabo. Ita kuwa sai ta gano ciwon, ko da abincin rana zai huce. Kuma yana hucewa, ni ne shaida.

Wata rana wata dattijuwa ta shigo rungume da kwamfuta cikin zane. Ta mijinta ce, bara ya rasu. In an kunna sai ta ɗan yi aiki, allon ya koma shuɗi, ta ɗauke. A ciki akwai muryar marigayin, labaran da ya naɗa don jikan da bai kai ga gani ba. Ga shi 'yarsu da ke aure nesa ta haihu, tana ta roƙon a tura mata.

"Duk inda na je cewa suke sai an goge, 'yata," in ji dattijuwar.

"Mama, zauna ki huta. Ba mai goge komai."

Matata ta kwance ta, ta fara kwafe muryoyin ta adana. Fankar ciki ta toshe da datti, ta share. Aka kunna, shuɗin ya dawo. Na leƙo na ce ko in kawo allura, ta harare ni. Ta zare ɗaya daga cikin faifan ƙwaƙwalwa biyu da ke ciki, ta sake kunnawa. Kwamfuta ta zauna daram.

Saura turawa. Imel na shigowa amma ba ya fita, don saitin fitarsa ya tsufa. Ta gyara adireshin sabar da ke kai saƙo da lambar ƙofar fitarsa, ta tura gwaji zuwa wayarta. Wayar ta yi ƙara. Ta duba, sai ta juyo wajen dattijuwar.

"Mama, saƙo yana fita. Amma da sunan Baba zai isa. 'Yarki mai jego ce, kar ta buɗe ta ga kamar shi ya aiko. In cire in sa naki?"

Dattijuwar ta daɗe tana kallon sunan a allo. Ta kai yatsa ta shafa shi.

"Kar ki goge," ta ce a hankali.

Matata ba ta yi gardama ba. Ta rubuta sunan dattijuwar a gefen nasa, ta miƙa mata waya. "To kira ta tukuna, ki shaida mata ku biyu ne kuka aiko."

Aka kira, aka tura. Ba a jima ba 'yar ta sake kira tana kuka, muryar babanta na tashi a bayanta, yana yi wa jikansa sallama.

Na koma kan kekena na kasa zura zare. Ranar duk wanda ya shigo awo sai da na gaya masa matar wa ce a shagon nan na kusa.