Motar da Inna Ta Rantse Ba Ta Ƙara Shiga

A tashar Dogon Dutsi, idan direbobi sun taru a inuwa suna jiran lodi, ba a tambayar mutum ƙarfin injinsa. Durƙusawa ake yi a leƙa ƙarƙashin motarsa a ƙirga lam, wato fallayen ƙarfen nan dogaye da ake jerawa bisa juna a saman tayoyi, waɗanda nauyin mota ke zaune a kansu. Mai lam da yawa shi ne namiji. Wanda ya bar nasa yadda Bature ya ƙera kuwa, sai a ce bai shirya neman abinci ba tukuna.

Ni ma ina da katkat, a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta girmi babban ɗana. Da ita nake bin kasuwannin ƙauye ina sayen wake da gyaɗa, daga Matankari har Gesheme. Ina sayen motar na kai ta garejin taubashina, ɗan ƙanen Inna, wanda tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Na ce ya ƙara mini lam. Ya ƙara, na leƙa na ce bai isa ba, ya sake ƙarawa. Sannan ya yanka tsohon tib ya naɗe su tam da robar tayar, yadda kowa ke yi don kada su karye. Bayan motar ya ɗaga sama, na shiga tasha ina hura hanci, aka durƙusa aka ƙirga, aka ba ni hannu.

Gaskiya ta ɗauki kaya. Buhunan da nake jibga mata, raƙuma da yawa sai sun yi sawu biyu kafin su kwashe.

Ana nan sai Inna ta ce in kai ta wata gaisuwa a Matankari. Babu kaya a baya, daga ni sai ita. Muna sauka daga godoro, wato kwalta, muka hau jar hanya mai gargada, motar ta fara tsalle. A wani rami kan Inna ya daki rufi, ɗankwalinta ya faɗo kan giyar mota. Haka muka je muka dawo. Da muka tsaya a ƙofar gida ta sauko a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ta dubi motar sama da ƙasa.

"Wagga ba mota ba ta, turmi na," in ji ta. "Kai ka daka, ni ce hatsin. Na rantse ba ni ƙara shigarta."

Ta daɗe a kwance da ciwon baya, matata na gasa mata da ruwan zafi. Ni dai na ce tsufa ne, don ban ga laifin motata ba.

Inna tana da yaya guda da ta rage mata a duniya, wadda muke kira Inna Babba, a wani ƙauye can bayan Gesheme. Ita ta goyi Inna tun mahaifiyarsu na fita gona. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka waya ba ta da amfani tsakaninsu: Inna ta yi ta ihu har maƙwabta su san sirrin gidanmu, can kuma ana cewa "Wa na?" Bayan damina, ana cikin yankan gero, surukar Inna Babba ta kira. Ta ce tsohuwa ta daina zuwa ko bakin rijiya, idonta ma ya tafi, kuma ta ce a gaya wa ƙanwarta in tana son ta iske ta, to ta zo kafin sanyi ya shigo.

Inna ta ajiye wayar ta ci gaba da tsince wake. Da dare ba ta taɓa tuwo ba, washegari ma haka. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Motocin kasuwa ba su kaiwa wannan ƙauye, don rairayi ne da kwazazzabai, sai mai ja da ƙafa huɗu. Babur da amalanke kuwa ba maganar bayan Inna ba ce. Mota ɗaya ce za ta kai ta, ita ce kuma wadda ta rantse a kanta.

Na lallaɓa na ce zan tuƙa a hankali.

"A hankali ka tuƙa waccan rana ma," in ji ta. Sai ta nuna wata ƙwarya da ke kife a kan randa. "Ranar da wagga ƙwarya ta tahi bayan dutsi cike da ruwa ta komo cike, sai mu yi magana."

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne a hanyar dawowa daga kasuwar Gesheme. Motar cike take da wake har sama, na sayi fura a kwano na ajiye a gefena, na manta ban rufe ba. Na bi gargadar nan duka, na duba, ko ɗigo bai zuba ba. Washegari na bi irin wannan hanya ba kaya, haƙorana na haɗuwa da juna. Sai na gane: mun gyara mota don buhu, ba don mutum ba. Lam ɗin sun yi taurin da ba su lanƙwasa sai an danne su da kaya mai yawa, Inna kuwa ko buhu guda ba ta kai ba.

Na je gareji na ce wa taubashina a rage lam.

Ya fito daga ƙarƙashin wata mota ya dube ni. "A mi?"

"A rage."

"Kai bawana, rana ta buge ka? Tun da nike aikin ga, ban taɓa ganin wanda yaz zaka a rage mai lam ba. Mi mutane za su ce? Su ce garejina na anka mai da namiji mace?"

Raina ya ɓaci, na ce masa ai dama aikinsa ne ya kusa kashe mini uwa. Ya ce shi abin da aka sa shi ya yi, mai mota ne ba shi da kai. Muka yi ta yi har masu wucewa suka tsaya kallo. Da na gaji na ce, "Gwaggonka ta daina cin tuwo. Babbar gwaggonka kuma tana can tana jira." Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa.

"Kawo ta ta baya," ya ce. "Kuma a kahwa zana, kar kowa shi gani."

Aka kafa zana kamar za a yi wa mota wankan jego. Kafin azahar duk tasha ta sani. Wani ya leƙo ya tambaya ko amare zan koma ɗauka, wani ya ce in ba na son lam ɗin da aka cire, shi yana da wurin sa su. Na ce masa ya sa a bakinsa.

Da muka ɗaga motar muka yanke robar nan, sai muka ga ɓarna. Ƙasa da ruwan damina sun shige ƙarƙashin naɗin sun kwana a ciki shekara da shekaru, tsatsa ta manne fallayen sun zama dunƙule guda. Ashe ba a kan lam nake tafiya ba, a kan gungumen ƙarfe nake. Muka warware su ɗaya ɗaya da guduma, muka kankare tsatsar, muka shafa girisi tsakaninsu don su riƙa zamewa bisa juna. Waɗanda muka ƙara muka cire, sai gajeru masu kauri na can ƙasa muka bari, waɗanda ba su kama aiki sai kaya ya yi nauyi, don ni ma ba zan bar sana'ata ba. Robobin idon lam duk sun cinye, ƙarfe na cin ƙarfe, muka sa sababbi.

Sai amotisa, bututun nan mai mai a ciki da ke hana mota ci gaba da rawa bayan ta faɗa rami. A wurinmu ba wanda ke kula da shi, tunda ba a ƙirga shi a tasha. Taubashina ya ciro ɗaya ya tura da hannu, ya shige ya fito ba wata turjiya. Na baya na hagu kuwa babu shi sam, sai kunnen da yake maƙale. Allah kaɗai ya san dajin da ya faɗi. Muka aika wani ɗan kasuwa mai ƙetara iyaka ya sayo mana sababbi.

Ban iya jira ba, na ce a gwada ƙwarya tun kafin su iso. Wa zai riƙe? Na ce bawa ke riƙe wa ubangidansa kaya. Ya zauna a gaba da ƙwaryar Inna a cinya, muka nufi bayan dutsi. Motar ta yi laushi, amma in ta faɗa rami sai ta yi ta lilo ba tsayawa. Kafin mu juyo ƙwarya ta koma rabi, shi kuwa ya jiƙe daga ciki har gwiwa. Muka ratsa ta tasha da gangan, na tsaya na ce a zo a ga abin da babban mutum ya yi a wando.

Da amotisa suka iso muka ɗaura, muka sake fita. An samu sauƙi sosai, amma ruwa na fantsala a gargada. A hanya ya ce in tsaya, ya tsinko ganye ya zuba a ƙwaryar, yadda mata ke yi in sun ɗauko ruwa daga nesa. Kusa da gida ya tsame ganyen ya zubar. Muka miƙa wa Inna ƙwarya kusan cike, muna ta murmushi. Ta juya ta, ta sa yatsa ta ɗauko wani ɗan ganye da ya manne a gefe, ta dubi taubashina.

"Ni za ku koya ma sa ganye ga ruwa? Ina ɗauko ruwa daga rijiya tun ubanka bai iya tahiya ba."

"Gwaggo, iska na yak kawo shi," in ji shi.

Ta ɗaga muciya, muka fita a guje, mu da furfurarmu.

Abin da ya rage ƙanana ne, amma su suka cika aikin. Mai facinmu ba ya barin taya sai ya buga ta da ƙarfe ta yi ƙara, don haka muka rage iska har ta ɗan kwanta, abin da ke taimako a rairayi ma. Muka ɗora buhunan gero kaɗan daidai saman tayoyin baya, waɗanda dama tsarabar Inna Babba ce. Ni kuma na koyi cire ƙafa daga totur kafin rami, in bar mota ta sauka da kanta. A gwaji na uku ruwan bai ragu da ya wuce kaurin yatsa ba. Inna ta duba ciki da wajen ƙwaryar, ta shafa wandon taubashina ta ji a bushe.

Na ce, "To Inna, rantsuwar fa?"

"Wadda nir rantse a kanta ai kun kashe ta," in ji ta. "Wagga wata ta. Gobe in Allah ya kai mu."

Muka tashi da hantsi, Inna a gaba da matashi a bayanta, taubashina a kan buhuna a baya don ya ce ba za a kai gwaggonsa ba shi ba. Har Kore Mairuwa tana riƙe da ƙofa da hannu biyu tana salati, ko da yake godoro ne. Da muka hau jar hanya ta runtse ido tana jiran duka, dukan bai zo ba. A kwazazzabon farko na sa giyar ƙarfi, motar ta sauka a hankali, taya ɗaya ta nutse ɗaya ta hau, mu a ciki muna zaune daidai. Inna ta saki hannu ɗaya. Bayan Gesheme ta saki ɗayan, ta fara nuna mini wurare: ga gawon da suke hutawa in sun dawo daga kasuwa, ga inda rijiyar da ta rufta take, ga gonar da aka taɓa korar su don sun tsinki yakuwa. Ina ta amsawa, can na ji na yi tambaya ba a ba ni amsa ba. Na waiga. Kanta ya jingina da ƙofa, bakinta a ɗan buɗe, barci take yi.

Haka muka shiga ƙauyen. Na kashe mota a ƙofar gidan ban ko ja birki da ƙarfi ba. Surukar ta fito riƙe da hannun Inna Babba, tsohuwar ta rame ƙwarai, sanda a ɗaya hannun. Ta lalubi jikin motar har ta kai taga, ta sa hannu ciki, ta shafa ɗankwalin Inna, ta shafa goshi da kumatu. Na miƙa hannu zan tashi Inna, hannuna ya taɓa na tsohuwar.

"Ƙyale ta," in ji Inna Babba, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Hakanan take. In na goya ta za mu gona, ba mu kai ba ta yi kwana."

Ta sa aka buɗe ƙofar a hankali, aka kawo mata 'yar kujera ta zauna a ƙasa, ta kama ƙafar Inna ta riƙe. Ni da taubashina muka koma sauke gero, kowa na kallon buhunsa, ba wanda ya tsokani wani. Muna kan na ƙarshe na ji Inna ta motsa.

"Yaya," ta ce, da wata ƙaramar murya da ban taɓa sanin tana da ita ba.