Da Taya Biyu a Wuya Zuwa Bassam

Mun tashi da asuba ranar Lahadi, makon farko na watan Sha'aban, shekara ta biyu bayan an gama yaƙin duniya. Ƙarfe biyar da rabi daidai muka bar ƙofar masallacin unguwarmu a Adjamé. Mu uku ne: ni, da maƙwabcina mahauci, da wani mai gyaran keke mutumin Maraɗi wanda rumfarsa ke bayan kasuwa. Bassam muka nufa, inda yayana tela yake zaune da iyalinsa. Yana fama da tari tun kafin ruwa ya sauka, ni kuwa rabona da ganinsa wata goma sha huɗu.

Ni akawu ne a wani sito a Treichville. Daga gidana zuwa wurin aiki tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a ƙafa, kuma an riga an rubuta mini makara sau biyu. Ta uku sallama ce. Saboda haka nake neman keken da zai yi mini aiki biyu: ya kai ni sito kwana shida, ranar Lahadi kuma ya kai ni wurin Yaya. Na ma rubuta masa cewa da zarar na samu keke, kowace Lahadi zai gan ni.

Iri biyu ne a gabana. Akwai na Ingila, wanda 'yan kasuwarmu ke shigowa da shi daga Kumasi: baƙi, mai nauyi, sarƙarsa a rufe don haka ba ya cin wando, mahayinsa kuma yana zaune tsaf kamar mai jiran a gaishe shi. Akwai kuma na Faransa da ake kira dami-kurs, mara nauyi, mai giya uku, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Mahauci ya ce mutum mai gemu ba ya hawan abin da zai sa shi ruku'u a tsakiyar titi. Mai gyara, wanda yake da dami-kurs ɗaya na sayarwa, ya ce ƙasaita ba ta hawa tudun Plateau. Wata biyu ina sauraronsu.

Ana cikin haka wani mai goro ya zo daga Bassam da saƙo. Ya ce, "Yayanka ya ce ka zo ka ɗauki keke, shi ya gama da shi. Ya ce kada ka daɗe." Na san Yaya yana da keken Ingila da ya saya tun kafin yaƙi, wanda na daɗe ina kwaɗayi, kuma na san ya rataye shi a zaure saboda tayoyinsa sun mutu. Sai na ce ba zan je hannu wofi ba. Tayar Faransa ta fara dawowa kantuna, amma ba ta shiga ƙafar keken Ingila. Ta Ingila kuwa sai an nema a ɓoye. Lahadi uku na yi ina yawo tsakanin Adjamé da kasuwar Treichville kafin na samu guda biyu a wurin wani da ya shigo da su a ƙarƙashin kaya. Kusan rabin albashina suka ci. Kwana ashirin da huɗu ke nan daga zuwan saƙon zuwa tashinmu.

Shirin mai sauƙi ne. Zan hau dami-kurs ɗin mai gyara in tafi, a sa wa na Yaya taya in dawo a kansa, sannan in zaɓa. Mai gyara ya biyo mu ne don ya ɗaura tayoyin, kuma don bai yarda kekensa ya yi nisa da idonsa ba. Mahauci ya zo ne don sayen busasshen kifi, da kuma ganin faɗuwata. Na naɗe tayoyin na rataya a wuya, suka sauko mini ƙirji.

Gangarar Adjamé zuwa Plateau ita ce ta fara koya mini hali. Keken ya kwasa da gudu, na matse birkin gaba maimakon na baya, na tsinci kaina a cikin ciyawa. Mahauci ya wuce ni a hankali bisa tsohon kekensa na Ingila mai kwando, ya ce, "Akawu, sallar ba ta kai sujada ba tukuna." Babbar rigata ta shiga sarƙa sau biyu kafin mu kai Plateau. A na biyu na tuɓe ta na ɗaure a sirdi, na ci gaba da 'yar shara. Plateau shiru, gidajen Turawa a rufe, sai masu shara da wani ɗan sanda da ya tsayar da mu ya duba lambar harajin kowane keke, ya kalli tayoyin wuyana ya daɗe, sannan ya bar mu muka wuce.

A gadar nan da ke kan ruwa, wadda ta haɗa Plateau da Treichville, mun tarar an tare hanya jirgin ƙasa zai wuce. Mun tsaya minti ashirin tare da mata masu kwandunan rogo. Gadar tana sunkuyawa idan jirgi ya hau ta, katakonta kuma santsi gare shi da damina. Wanda yake da hankali tura kekensa yake yi. Na lura dami-kurs da hannu ɗaya ake ɗaga shi a tsallake layin dogo, shi kuwa mahauci sai da ya yi nishi. Daga ƙofata zuwa ƙofar sito, in an cire tsayuwar gada da faɗuwa, minti talatin da biyar ne. Na rubuta wannan a takarda.

Mun karya kumallo a Treichville wurin wata mata da ke sayar da aceke, wato wasa-wasan rogo mai ɗan tsami, da soyayyen kifi. Dala ɗaya ta ƙosar da mutum. Daga nan muka bi gefen layin dogo zuwa Port-Bouët, inda jiragen ruwa ke tsayawa nesa da gaɓa ana sauke kayansu da ƙananan jirage. Sama ta yi baƙi ƙirin ta wajen teku. Ba mu wuce gidajen ƙarshe ba ruwa ya kece.

Hanyar Bassam daga nan jar ƙasa ce aka zuba a kan yashi, teku a dama, itatuwan kwakwa hagu da dama har iya gani. Inda mota ta taka, laka. Inda ba ta taka ba, yashi mai haɗiye taya. A nan ne siririyar tayar dami-kurs ta nuna aibinta: tana nutsewa, kan yana karkacewa, sai mutum ya sauka ya tura. Keken mahauci da faffaɗar taya yana tafe kamar bijimi, ba sauri ba tsayawa. Amma duk inda ƙasa ta yi tauri sai in sauya giya in bar su a baya har in daina jin muryoyinsu. Wuyana da ƙuguna suka yi tsami. Ruwa ya cika tayoyin da na rataya, kowane rami na faɗa sai su zubo mini a ciki.

Ƙaya ta huda mini tayar baya wajen ƙarfe tara. Muka fake a rumfar wasu masu fasa kwakwa, mai gyara ya yi faci cikin minti goma sha biyar yana zagin gam da sanyi ya hana kamawa. Tsohon da ke rumfar ya fasa mana kwakwa uku, ya ƙi karɓar komai, ya tambaye mu da Julanci, harshen kasuwa a nan, ko ta'aziyya za mu. Na ce a'a, keke za mu ɗauko. Ya kalli kekunanmu uku, ya gyaɗa kai.

Mun shiga Bassam ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Garin ya tsufa tun da aka ɗauke masa mulki da jiragen ruwa: manyan kantuna a rufe, bango duk kore, iskar gishiri tana cin duk wani ƙarfe. Gidan Yaya yana unguwar baƙi, kusa da masu ƙona kifi. Abin da na fara lura da shi shi ne ban ji ƙarar ɗinki ba. A da tun daga kwana ake jin ta.

Keken Ingila yana nan a zaure inda Yaya ya rataye shi. Mai gyara ya sa ɗan yatsa ya danna ƙarfen ƙafar gaba, yatsan ya shige. Ya ce, "Akawu, wannan ai gishiri ya gama da shi tuntuni. Ko tayar zinariya ka sa masa ba zai kai ka bakin ƙofa ba."

Matar Yaya ta fito. Ta rame. Bayan mun gaisa ta dubi wuyana ta ce, "Waɗannan fa?"

Na ce, "Na keken da Yaya ya ce in ɗauka ne. Su suka tsayar da ni."

Ta ce, "Wane keke?"

Ta ɗaga labule. A bakin ƙofar ɗaki ga keken ɗinkin Yaya, an kwance kansa daga teburi, an naɗe da zane an ɗaure da igiya. Ta ce da hannunsa ya ɗaure shi ranar da ya ba da saƙo, kuma ranar ce ta ƙarshe da ya iya tsayawa da ƙafarsa. Mako na farko kullum yana sa a fito da shi zaure ya jira ni. Daga baya ya daina tambaya.

Da na san keken ɗinki ne, da a ranar zan nemi mota. Mutum yakan bar keken hawa don gwiwa ta gaji. Tela kuwa ba ya kwance abin da yake ci da shi sai ya san ba zai sake zama a gabansa ba. Yaya ya faɗa mini gaskiya sarai, da kalmar da shi da ni muka sani tun muna yara, ni kuma na ji abin da nake so in ji.

Yana kwance a tabarma, an jingina shi da matashi biyu. Ya dube ni, ya dubi tayoyin da na manta ban sauke ba, ya fara dariya, dariyar ta koma tari har sai da matarsa ta riƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Akawu. Kai da ko buhu ba ka karɓa sai ka tambayi na mene ne."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Zauna. Lokacin yafiya ba shi ne ya ƙaranta ba."

Abin da yake so ya faɗa mini ya faɗe shi guntu-guntu, cikin kusan sa'a biyu, da hutu a tsakani. In fitar da keken daga iskar Bassam kafin ta cinye shi. In kai shi wurin wani tela amintacce a Treichville, ya faɗi sunansa, ya riƙa aiki da shi yana aiko wa matar Yaya da 'ya'yansa mata biyu abin cefane. Kada a sayar. Akwai wata ƙusa a ƙasa da ke kwancewa, ya so ya nuna mini da hannu yadda ake matse ta, amma hannun bai ɗagu ba, ya ce a bari, telan zai gane. Akwai wata magana kuma game da babbar 'yarsa da ya fara, barci ya ɗauke shi a tsakiya. Da ya farka na tuna masa, ya ce ta ɓace masa.

Mun yi azahar. Na ce zan kwana. Ya ce, "Ka kwana su kore ka, sannan wa zai ci da gida biyu? Tafi. Ai yanzu kana da keke." Ya tambayi wanne na hau. Na ce na Faransa. Ya ce, "Mai ruku'u?" Mahauci daga zaure ya ce, "Na faɗa masa, Malam, bai ji ba." Yaya ya yi murmushi ido a rufe. Na ce Lahadi zan dawo, da sassafe. Ya ce Allah ya kai mu.

Mun bar Bassam ƙarfe biyu da rabi. An shirya keken ɗinkin zai biyo motar kifi ta ranar Talata. Tayoyin na bar su a zaure. Ruwa ya tsagaita amma hanya ta fi lalacewa. Mahauci bai sayi kifin ba. Mun haye gada ana kiran magariba, muka tura kekuna a tudun Plateau, ban ma gwada giyar ba.

Ga masu tambayata wanne za su saya, abin da na gani ke nan. Na Ingila ya fi a yashi, ya fi sauƙi ga ƙugu, kuma ba ya cin riga. Na Faransa ya fi a tudu da gada da doguwar hanya mai tauri, tayarsa kuma ana samunta a garin nan ba sai an yi raɗa ba. Duk biyun suna kai mutum Bassam kafin azahar. Motar kifi ma tana kaiwa, kuma tana tashi daga Treichville sau biyu a mako duk tsawon watannin da na yi ina zaɓe.

Na sayi dami-kurs ɗin ranar Litinin, na isa sito ƙarfe bakwai saura kwata. Yaya ya rasu ranar Laraba da hantsi, aka binne shi kafin la'asar. Labarin ya iso ni ranar Juma'a.